Ƙibar da Na Yi Alfahari da Ita

Gara in faɗa da bakina kafin wani ya riga ni: wawan wannan labari ni ne, kuma ba na neman a raba mini sarautar da kowa. Jikokina suna ganina yau da farin gemu da tabarau a kan karan hanci, suna zaton da hankalina aka haife ni. A barandar asibiti na tsinci ɗan abin da nake da shi, kuma ba cikin ladabi aka miƙo mini shi ba.

A farkon shekarun tamanin ina aiki a masaƙa a Kakuri, sashen rini. Kowa ya dubi hannuna ya san inda nake cin abinci, don faratana ba su taɓa kwana da launin da suka tashi da shi ba. Ina haya a Nasarawa, irin gidan nan mai ɗakuna a jere suna kallon juna, da famfo ɗaya a tsakar gida mai kawo ruwa ran da ya ga dama. Karatuna ya tsaya a aji huɗu na firamare. Amma kafin in shiga masaƙa na taɓa yin shara da goge kanta a wani kemis, can ƙetaren gada. A nan na haddace sunayen ƙwayoyi, na kuma koyi yadda ake ɗaure fuska in za a faɗe su, wanda a ganina shi ne rabin aikin likita. Abokan aiki suka sa mini Dokta don tsokana. Ni kuwa na karɓa hannu biyu.

Na daɗe ina tuzuru, har yaran unguwa suka gaji da yi mini waƙa. Sai da na ba arba'in baya sannan Allah ya haɗa ni da wata bazawara mai ɗinki, siririya, mai ƙarancin magana. Na ɗauka ƙarancin maganar nan haƙuri ne. Ashe tara ta take yi.

Ta haifi 'ya'ya biyu a gidan mijinta na farko, sannan haihuwa ta tsaya mata fiye da shekara goma, aure kuma ya mutu. Shi tsohon mijin direban tasi ne, dogo, wuya kamar na zalɓe. Da a ce a Tudun Wada yake harkarsa da ban damu da shi ba. To, amma maƙwabcina na ɗakin da ke kallon nawa makanike ne, Ibo, garejinsa na bayan gidanmu, kuma nan dogon yake kawo motarsa. Motar kuwa ta fi son gareji a kan titi. Saboda haka kusan kullum in na dawo aiki sai na gan shi zaune a kan tsohuwar taya yana cin gyaɗa. Mu gaisa, gaisuwa irin ta mutum biyu da suka san abin da ya haɗa su.

Wata rana labari ya zo mini cewa ya faɗa a garejin, wai wannan matar ko buhun shinkafa ka juye mata a ciki ba ta ƙiba, shi ya gwada ya gaji. Na dai ƙudura a raina sai na nuna masa bambancin mai albashi da mai jiran fasinja.

Lokacin kuwa ana wahalar kaya, madara da sabulu sai an bi layi. Na bi layin. In an tashi aiki in biya wurin mai balangu a bakin tasha, ran Juma'a in haɗo da kilishi. Ita ta ci kaɗan ta ture, ni in zauna ina lura da kumatunta kamar manomi da ya shuka gero. Shiru, ba tsiro.

Sai ga ciki.

Ba zan iya kwatanta muku yadda na koma ba. Tuzuru na jiya, matar da aka ce haihuwa ta ƙare mata, ga shi a gidana abin ya samu. Na canza tafiya. In zan wuce garejin sai in rage sauri, in gyara hula, in yi sallama da ƙarfi.

Matar makaniken ita ma tana da ciki a lokacin, na biyar ko na shida, na daina ƙirga musu. Mace ce gajera mai faɗi, tana sayar da garin rogo da manja a ƙofar gida, Hausarta tana tafe tana tuntuɓe amma ba ta taɓa faɗuwa ba. Ita ta fara yi wa matata zancen awo, ta ce su riƙa tafiya tare. Matata ta kawo mini maganar da yamma, tana zare zare daga bakin wata riga, ba ta ko dube ni ba. Na gyara zama na yi mata bayani. Na ce awo an yi shi ne don yara masu cikin fari, waɗanda ba su san hanya ba. Macen da ta haifi biyu a ɗaki, lafiya lau, me wata yarinya mai farar hula za ta koya mata? Ban da haka, ga likita a gida. Ta ce to. Na lura ta ɗan buɗe baki kamar za ta ƙara wani abu, sai ta kama zaren da haƙori ta tsinke shi.

Da ciki ya tsufa sai addu'ata ta karɓu, ko kuwa haka na zata. Ƙafafu suka fara cika. Takalmanta suka ƙi shiga, na sayo mata silifas na maza, ina murna. Daga nan hannuwa. Sai fuska, har idanunta suka ƙanƙance, in ta tashi da safe kamar wadda ta kwana tana kuka. Ni kuwa ina ganin kumatu. Na faɗa wa abokan aikina a sashen rini cewa mace kamar atamfa ce, in ta samu hannun da ya iya sai launinta ya fito.

Akwai zoben azurfa da na saya mata lokacin aure. Ya nutse a yatsa, sabulu ya kasa, man gyaɗa ya kasa. Mai hankali zai tambayi kansa me ya sa yatsa ya kumbura haka. Ni sai na kai ta wurin maƙeri, ya yanke zoben, na ce ya ƙara masa azurfa ya faɗaɗa shi, don matata ta wuce wannan lamba. A hanyar dawowa da gangan na bi da ita ta gaban garejin, sai aka yi rashin sa'a dogon ya fita.

Ta ce kanta na ciwo, ciwon da ba ya sauka. Na ce keken ɗinki ne, na kawo ƙwaya daga kemis na faɗi sunanta da Turanci. Bayan 'yan kwanaki ta ce in ta dubi allura sai ta ga biyu, wani lokaci kuma wasu 'yan taurari na gilmawa. Na cire tabarau na ba ta aro. Ku yi dariya, na yafe muku. Ta saka, ta dube ni ta cikinsu, ta cire ta ajiye a kan keke.

Ranar da asirina ya tonu Asabar ce, da hantsi, ba ni da aiki sai yamma. Ina zaune a ƙofar ɗaki ina gyaran rediyo, wanda shi ma ban iya ba. Matata ta fito za ta ɗebi ruwa, sai ta dafa bango ta tsaya, ɗaya hannun a ƙarƙashin haƙarƙarinta na dama. Ta ce nan ke mata zafi tun asuba. Na ce ƙwannafi ne, kuma kowa ya sani ƙwannafin mai ciki alamar yaro mai gashi ne, ta gode wa Allah ba sanƙo za ta haifa ba.

Matar makanike tana wanke-wanke a bakin famfo. Ta ajiye tukunya ta zo, ta kama fuskar matata da hannu biyu ta juya ta ga rana. Ta danna mata ƙwauri da babban yatsa. Wurin ya lotsa, ya zauna a lotse kamar an danna tuwo.

"Oga Dokta, wannan ba ƙiba ba."

Na ce mata, cikin natsuwa irin ta masana, ƙiba iri-iri ce.

"Ruwa ne. Yayata a garinmu haka ta yi, fuska, hannu, kai na ciwo. Muna cewa ta yi kyau. Rana ɗaya ta faɗi tana karkarwa, ta ciji harshe. Ba ta tashi ba, ita da yaro."

Ta faɗe shi ne ba tare da ɗaga murya ba, kuma ba ni take kallo ba. Na fara cewa ai jikin mutane daban-daban ne, amma ta riga ta ɗaure zani ta fita ta ƙofar baya. Ta tafi gareji neman mota. A duk motocin da ke wurin a wannan safiya, guda ɗaya ce ke tsaye a kan tayoyinta huɗu. Kun san ko ta wa.

Watanni ina addu'ar mutumin nan ya ga matata da ƙibarta. Ga shi Allah ya kawo shi har tsakar gida. Ya tsaya da makulli a hannu, ya dube ta sau ɗaya, ya kau da kai kamar yadda ya dace, sannan ya dube ni.

"Malam, tun yaushe take haka?"

Na ce tun da ta fara samun abinci mai kyau.

Ya juya muka bi shi wurin motar. Ya buɗe ƙofar baya, wadda sai an ɗaga ta da gwiwa take buɗewa, matan biyu suka shiga. Ni na zauna a gaba kusa da shi. Duk ramin da ke tsakanin Nasarawa da asibiti ya kauce masa a hankali, kamar mai ɗauke da ƙwai. Wannan ya ƙara ba ni haushi, don na so a ce tuƙin banza yake yi.

A asibiti wata sista ta karɓe mu, babbar mace daga kudancin jiha, mai Hausa tsab da ta fi tawa. Ta ɗaura wa matata abin awon jini a damtse, ta matsa, ta saurara. Ta sake. Sai ta aika aka kawo keken marasa lafiya, ko da yake matata da ƙafarta ta shigo. Aka karɓi fitsari a 'yar kwalba, aka ɗora shi a kan wuta a gabana, ya yi fari ya kama jikinsa kamar an zuba nono. Na matsa kusa na gyaɗa kai, irin na wanda ya saba gani.

Sista ta leƙo baranda ta tambaya wane ne mijin. Na ce ni ne. Amma na rantse dogon ma sai da ya ɗan motsa a kan benci kafin ya tuna.

Ta sa ni a gaba tana yi wa matata tambayoyi, ƙofa a buɗe. Shekarunta nawa? Matata ta faɗa. Suka fi waɗanda nake faɗa wa abokaina da ɗan dama, don ni na rage mata wasu saboda mutunci. Yaushe rabonta da haihuwa? Ta faɗa. Uban waɗancan yaran shi ne uban wannan? Ta ce a'a. A danginsu akwai wadda ta taɓa yin jijjiga da ciki? Nan matata ta ce mahaifiyarta ta yi, lokacin da take ɗauke da cikin ita matar tawa ma, mutanen ƙauye suka ce iskoki ne, da ƙyar aka same ta.

Ban taɓa jin wannan ba. Daga baya na gane shi ne abin da ta haɗiye ran da ta tsinke zare da haƙori. Bazawara a sabon gida, wadda aka riga aka yi mata tambarin rashin haihuwa, ba ta son ta zama mai yawan ƙorafi.

"Me ya hana ki zuwa awo?"

Matata ta juyo da kumburarrun idanun nan ta dube ni. Sista ma ta dube ni. Na ce, ai na ga ba cikin fari ba ne.

"Kai malamin asibiti ne?"

Na ce na taɓa aiki a fannin.

"Wane fanni?"

Na ce fannin tsabta.

Ta ja kujera ta ce in zauna. Ta yi mini bayani a hankali, irin yadda ake yi wa yaro mai taurin kai amma ɗan gidan mutunci. Ta ce wannan hawan jini ne da ciki ke kawowa, in aka bar shi sai ya kai ga jijjiga, ya tafi da uwa ko ɗa ko duka biyun. Ba wanda ya san takamaiman abin da ke haddasa shi, amma an san waɗanda ya fi bi. Gaskiya ne yana son mai cikin fari. Sai dai macen da ta daɗe ba ta haihu ba, jikinta kan manta, ya koma kamar sabo. In kuma miji ya canza, to ga jikinta wannan kusan cikin fari ne, ko ta haifi goma a wani gida. Yana bin wadda shekaru suka ja mata, da wadda uwarta ko 'yar'uwarta ta yi, da mai tagwaye. Ta ce matata ta tara kusan duka, tagwayen ne kawai ba ta da su. Sannan ta ce su a nan abin da ya fi ba su wahala ba ciwon ba ne, don in an zo da wuri ana kama shi da abin awon nan kawai. Waɗanda suke rasawa su ne waɗanda ba a kawowa sai sun faɗi, na nesa da marasa hali, da kuma waɗanda izinin fitarsu ke hannun wani mai ganin ya sani.

Na ce lallai akwai irin waɗannan mazan, Allah ya shirye su. Ba ta yi dariya ba.

Aka kwantar da ita. Aka ce ba tashi, ba hayaniya, ga magani, kuma za a riƙa auna ta safe da yamma. Dogon ya tafi ba tare da ya yi mini sallama ba, washegari kuma ya aiko da lemo ta hannun makanike. Na sha biyu don in tabbatar ba su da tsami.

Makonnin da suka biyo baya na koyi abubuwa. Na koyi cewa tuwo ba ya tuƙa kansa. Matar makanike ta ɗanɗana miyar da na yi ran farko, ta karɓe tukunyar ba tare da shawara ba, daga ranar ita ke dafawa ni ke kaiwa, a ɗaure a bayan keke. In na isa in zauna a gefen gado in ba matata labarin masaƙa, ita kuma ta rufe ido, ban sani ba ko barci ko dabara.

Wata rana da la'asar ina zaune aka shigo da wata yarinya a guje, daga wani ƙauye bayan Sabon Tasha, a kwance a bayan akori-kura aka kawo ta. Jikinta duka na girgiza, idanu sun juye, kumfa da jini a baki. Aka ja labule aka kore mu waje. Mijinta, saurayi ne ƙarami, ya tsuguna a baranda riƙe da ɗankwalinta yana ta ninke shi yana warwarewa. Ya ce mini ai lafiyarta ƙalau, har ƙiba ta yi. Na fita bayan ɗakin, wurin da ake shanya zannuwan gado, na daɗe a tsaye. Ban san yadda ta ƙare da yarinyar ba, don ban iya tambaya ba. A ranar, da zan koma gida, keken na tura da hannu har Nasarawa.

Jinin matata ya ƙi sauka yadda ake so. Likita ya ce maganin abin na gaskiya shi ne a raba ta da cikin, ba za a jira wata ya cika ba. Aka sa mata ruwan naƙuda. Ni dai abin da na iya shi ne zirga-zirga, har wani mai shara ya ce in zaɓi gefe ɗaya in tsaya ya samu ya yi aikinsa. Na so in gaya masa ni ma ɗan fannin ne, na fasa.

Mace aka samu, 'yar mitsitsiya, kamar a sa ta a aljihun babbar riga. Kanta kuwa tal, ko gashi ɗaya babu. Ta yi kuka ƙarami irin na ɗan kyanwa, sista ta ce wannan kukan ya isa. Suka ƙara kwanaki a asibiti, ita da uwar. A cikin kwanakin nan ƙibar da na yi wata da watanni ina tallarta ta zube gaba ɗaya, ta bi fitsari. Matata ta dawo gida siririya kamar yadda na same ta. Ita 'yar mitsitsiyar nan ita ce uwar waɗannan jikokin da ke ganin ina da hankali.

To, mai hali ba ya fasa halinsa. Bayan an yi suna an watse, sai na ga ai yanzu ilimina ya ƙaru, kuma zunubi ne a ɓoye ilimi. Da yamma maza suka taru a tsakar gida ana shan shayi, makanike da wasu abokan aikina da maƙwabta. Dogon ma ya zo barka, yana can gefe a kan turmi. Na gyara tabarau na fara karatu. Na ce jama'a ku riƙa kai matanku awo, kumburi ba ƙiba ba ne, jahilci ne ke kashe mu. Na ɗaga yatsu masu launin shuɗi ina lissafa musu waɗanda ciwon ya fi kamawa: mai shekaru, wadda ta daɗe ba ta haihu ba, wadda ta gada daga uwa, wadda ta yi sabon miji. Na ce ni da na ga alamun nan sun haɗu a gidana, ban yi wata-wata ba.

Makanike ya sunkuyar da kai cikin kofinsa. Matata tana daga cikin ɗaki, bayan labule, tana ba yarinya nono. Ban san tana ji ba. Muryarta ta fito a hankali, yadda kowa a tsakar gidan zai ji.

"Malam, shekaruna ba zan iya rage su ba, uwata kuma ba ni na zaɓe ta ba. A duk abin da ka lissafa, miji ne kaɗai ake iya canzawa. Ka kuma san na iya."